Ƙyallin da Ke Bin Kumfa: Yadda Wankin Mota Ke Cin Alminiyam, da Abin da Ke Gyaruwa

Wanda ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Daura, daidai inda ya ratsa Kazaure, ya ƙare wa motocin da ke wucewa kallo, zai lura da wani lahani da ya zama ruwan dare. Fenti fes yana ɗaukar ido, amma siririn ƙarfen da ya kewaye gilasan ƙofa ya dushe, ya yi fari dabbare-dabbare. Rim ɗin taya ya yi toka-toka, ƙarfen kariyar da ke kan rufi ya yi hazo. Haka za ka gani a injin baburan da ke jigilar mutane tsakanin ƙauyukan Roni da Gwiwa, da motocin hayar da ke bin hanyar Babura zuwa bakin iyaka. Idan ka tambayi mai abin, amsar ɗaya ce: rana ce, ko tsufa ne.

Rana da tsufa suna da nasu kason, amma mafi yawan wannan ɓarna a wurin wanki ake yin ta, da kuɗin mai motar, kuma sau da yawa yana zaune a benci yana kallo. Abin da ya dushe ɗin ba datti ba ne da ya hau ƙarfen. Wata siririyar fata ce da masana'anta ta yi masa, sabulu ya cinye ta. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa ƙarin dirza ba ya dawo da ƙyallin, da dalilin da ya sa wani gyaran ke yiwuwa a Kazaure, wani kuwa sai an sayi sabo.

Ba duk mai ƙyalli ne abu ɗaya ba

Kayan adon da ke sheƙi a jikin mota iri-iri ne, kuma kowanne da abin da yake jurewa. Akwai roba da aka shafa wa ruwan ƙarfe, irin wadda ake yin tambarin mota da ragar gaba da ita. Akwai ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ƙarfin hali, wanda omo bai cika yi masa komai ba. Akwai alminiyam da aka yi wa fenti aka bi shi da ruwan sheƙin da masu fenti ke kira kiliya, wanda shi ne yawancin rim. Akwai alminiyam tsirara, irin na wasu sassan injin mota da na babur, da lagireto, da ragar na'urar sanyi da ke gabansa. Sai kuma alminiyam da aka yi wa fata da lantarki, wanda ya fi yawa a gefen gilasai da kariyar motocin Turai irin su Mercedes-Benz, BMW, Audi da Volkswagen. Wannan na ƙarshe shi ya fi kyau idan yana sabo, shi ne kuma ya fi wuyar gyara.

Bambance su ba ya buƙatar na'ura. Roba ba ta da sanyin ƙarfe a hannu da sassafe, kuma idan ka ƙwanƙwasa ta da farce ba ta amo. Maganaɗisu ba ya kama alminiyam. Idan kuma ka ɗiga man goge ƙarfe a farin tsumma ka murza a wani lungu da ba a gani, alminiyam tsirara zai baƙanta tsumman nan take, mai fata ko mai fenti kuwa zai bar shi fari.

Fatar da ido ba ya gani

Alminiyam ƙarfe ne mai saurin haɗuwa da iska. Da zarar an kankare shi, iskar da muke shaƙa takan yi masa wani ɓawo da ke hana ta ci gaba da cin sa, shi ya sa ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Sai dai wannan ɓawo na halitta siriri ne ƙwarai. Don haka masana'antu suka gano hanyar kaurara shi: a tsoma ƙarfen a ruwan asid, a sakar masa wutar lantarki, fatar ta tsiro daga jikin ƙarfen kansa, sannan a toshe ƙananan ramukanta da ruwan zafi. An fara wannan aiki a Ingila a shekarar 1923 don kare sassan jiragen saman da ke sauka a kan teku daga cin ruwan gishiri, kuma a 1927 aka fito da hanyar yin sa da asid irin na batirin mota, wadda ita ce ta fi yaɗuwa har yau.

Kaurin fatar da ake yi wa kayan adon mota yakan tsaya tsakanin maikiron 5 zuwa 10, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin kai ya kai wajen maikiron 70. Ke nan duk ƙyallin da ake alfahari da shi ya dogara ne da abin da bai kai kwatar kaurin gashi ba. Fatar tana da tauri, tana jure rana da ruwan sama shekara da shekaru, amma tana da rauni guda: abu mai kaifin kanwa yana narkar da ita, abu mai tsananin tsami ma haka.

Iyayenmu mata sun riga makanikai sanin wannan. Tukunyar alminiyam da aka dafa wake da kanwa a ciki takan yi baƙi, idan kuma aka tafasa tsamiya ko tumatir a cikinta sai ta yi haske, domin tsamin ya ɗebe saman ƙarfen. Abin da ke faruwa a murhu shi ne ke faruwa a gefen gilashin mota, bambancin kawai shi ne tukunya tana da kauri kuma ba wanda ke kallon kwalliyarta.

Masana suna auna wannan kaifi da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Tsakiyarsa 7 ne, wato ruwa zalla. Ƙasa da haka dangin tsami ne, sama da haka dangin kanwa. Alminiyam yana zaune lafiya tsakanin wajen 4 zuwa 9. Kuma kowane mataki ɗaya a ma'aunin ninki goma ne, don haka ruwan da ya kai 11 ya ninka na 9 kaifi sau ɗari.

Abin da ke cikin bokiti

Da wannan ma'auni a hannu, mu leƙa bokitin mai wanki. Na farko shi ne omo, wato garin sabulun wanki kowane iri. An yi shi ne don tufafi, kuma ana zuba masa sinadarin dangin kanwa don ya fitar da maiƙo. Ruwansa yakan kai 10 zuwa 11. Wanki ɗaya ba ya nuna komai. Wanki duk mako na shekara guda kuwa yana nunawa, kuma tun kafin ya taɓa ƙarfe ya riga ya wanke kakin da ke kare fenti.

Na biyu shi ne sabulun ruwa na haɗin gida, wanda ake sayarwa a gorunan lemo ana kiransa kawash. Sana'a ce mai albarka da ta rufa wa mata da matasa da yawa asiri, kuma ba a kanta laifin yake ba. Matsalar tana wajen awo. Ana haɗa shi da soda da wani asid da ya kamata ya kashe kaifinta. Idan mai haɗi ya auna daidai, sabulun yakan fito da sauƙi. Idan ya ƙara soda don ya yi kauri ko ya rage asid don tsada, sodar da ta rage tana nan da ranta a cikin gora. Alamarta ita ce hannun mai wanki ya riƙa santsi da zafi, fatarsa tana tsattsagewa.

Na uku ita ce soda tsagwaronta, wadda wasu ke jiƙawa don wanke injin da baƙin mai ya daskare a kansa. Wannan takan kai 13 zuwa 14, kuma ba dusar da alminiyam kawai take yi ba, cin sa take yi yana tafasa yana fitar da iska mai kama wuta. Ragar lagireto da ta na'urar sanyi siraran ganyen alminiyam ne; abin da ya maƙale a tsakaninsu ba a ɗauraye ba zai ci gaba da aiki bayan an rufe bonet.

Na huɗu shi ne ruwan bilic irin su Hypo da Jik, da ake zubawa don farar mota ta ƙara haske. Yana da kaifin kanwa, sannan yana ɗauke da sinadarin gishiri da ke huda alminiyam ƙananan ramuka. Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai dangin tsami: ruwan wanke masai, da ruwan batir, da wasu magungunan wanke rim da ake shigowa da su, waɗanda ke sa rim ya yi fari cikin minti ɗaya saboda sun ɗebe samansa ne. Duk inda dutse ya taɓa fasa kiliyar rim, nan ruwan yake shiga, sai ka ga farin zane yana tafiya a ƙarƙashin sheƙin, daga baya ya ɓare.

Kada a ɗauka ciwon namu ne kaɗai. A Turai da Amurka, wuraren wankin da inji ke fesa sabulu ba tare da soso ba suna amfani da mai kaifi don ya maye gurbin hannu, ga kuma gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Da yawa daga motocin da ake kira 'yan Kwatano sun iso da fatarsu ta riga ta raunana, mu kuma mu ƙarasa.

Rana, ƙura da tsadar ruwa

Abin da ya sa sabulu ɗaya ya fi ɓarna a nan shi ne yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma ƙarfen da ya wuni a rana ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Zafi yana hanzarta aikin sinadari. A ƙiyasin masana, ƙarin digiri goma yakan kusan ninka saurinsa. Sannan kumfar da aka shafa wa ƙarfe mai zafi bushewa take yi kafin mai wanki ya zagayo, ruwan ya tashi ya bar sinadarin ya taru wuri ɗaya. Shi ya sa tabon yake fitowa da siffar ɗigo ko layin gangarowar ruwa.

Hunturu kuma yana zuwa da nasa. Ƙurar da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi masu kaifi. Direban da ke kaɗe mota da busasshen tsumma kowace safiya yana yi mata samfefa ne bai sani ba, kuma kowane ƙarce ƙofa ce ga sabulun gobe.

Amma babban dalili shi ne ruwa. Inda mai wanki ke sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa, kowace jarka daga ribarsa take fita. Hikimar da talauci ya koya masa ita ce ya ƙara omo don datti ya fita da wuri, ya rage ɗauraya don ruwa ya isa. Ita ce kuwa ainihin hanyar da ke kashe alminiyam. Mai motar da ya tsaya ciniki har ya rage kuɗin wanki, jarkar ɗaurayarsa ya rage.

A gane ciwo kafin a nemi magani

Farin da ke kan ƙarfe iri uku ne, kuma gwaji biyu sun isa a raba su. A fara wanke wurin a inuwa a bar shi ya bushe. A haɗa ruwan khal ko na lemon tsami da ruwa rabi da rabi, a shafa a ɗan wuri na minti ɗaya, a ɗauraye sosai. Idan farin ya tafi, gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse ne ya bushe a sama, ƙarfen lafiyarsa lau. Idan bai tafi ba, a jiƙa yatsa a shafa. Idan ƙyallin ya dawo muddin wurin yana jiƙe, ya sake dushewa da ya bushe, to saman fatar ne ya yi kaushi amma tana nan. Idan kuwa ko a jiƙe fari ne, ko farce yana jin ramuka, fatar ta huje har ƙarfe.

Matakan gyara

Ga wanda fatarsa ta yi kaushi kawai, aikin shi ne a cike kaushin da abu mai haske. A goge da man goge fenti mai laushi, a share maiƙon, sannan a bi da kakin mota ko ruwan kariya mai tauri da ake kira siramik. Kaki yakan yi makonni zuwa 'yan watanni, siramik ya fi daɗewa. Wannan rufe lahani ne, ba warkarwa ba, kuma ya kamata mai gyara ya faɗa wa mai mota haka. Hakan ma ya sa mai sayen mota ya yi hattara: ƙarfen da aka shafa wa mai da safe zai yi sheƙi har a gama ciniki, don haka a goge gefen gilashi da busasshen tsumma a gani.

Ga wanda fatarsa ta huje, babu man da zai dawo da ita. Zaɓi huɗu ne. Na farko, a cire ragowar fatar gaba ɗaya a goge ƙarfen tsirara. Ana liƙe fenti da robar gilashi da tef, a fara da samfefar ruwa mai lamba 600, a bi da 800, 1000, 1500 har 2000, kowace tana share zanen wadda ta gabace ta, sannan a murza da man goge ƙarfe. Sakamakon yakan yi kyau ƙwarai, amma ƙarfen ya zama marar kariya. In ba a fesa masa kiliya ko a riƙa bin sa da kaki ba, damina ɗaya ta isa ya sake dushewa. Aiki ne na haƙuri, kuma wanda ya fara ya tsaya a rabi ya fi wanda bai taɓa ba muni.

Na biyu, a yi masa fenti, galibi baƙi. Masu fentin garuruwanmu za su iya, da sharaɗi ɗaya: alminiyam ba ya riƙe fenti sai an fara fesa masa firaima ta musamman mai kama jikinsa. In aka tsallake ta, fentin zai ɓare tun daga gefe. Na uku, a lulluɓe shi da ledar ado mai manne, irin wadda masu sitika ke aiki da ita. Ita ce mafi araha, ana iya ɓare ta, amma ranarmu tana gajarta mata kwana. Na huɗu, a canza ƙarfen da wani daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a duba shi a bushe kafin a biya. A nemi wanda ya iya cirewa, domin siririn alminiyam idan ya lanƙwashe ba ya komawa daidai, ƙananan maƙalansa kuma karyewa suke yi. Sake yin fatar da lantarki yana yiwuwa, amma aikin masana'anta ne mai tankunan asid, ba na gareji ba, kuma kuɗinsa yakan wuce na sayen wani.

Rim yana da nasa hukunci. Idan sheƙi ne ya ɓare, a kankare, a yi firaima, a fesa fenti da kiliya. Idan cin ya kai bakin da taya ke zama, iska za ta riƙa sauka a hankali ba tare da ƙusa ba. Mai faci ya cire tayar ya goge bakin ya yi sumul. Idan kuwa rim ya tsage, maganar ta bar kwalliya ta koma ta rai, kuma canzawa ta fi walda.

Akwai kuma magungunan da ke ƙara ciwo, waɗanda su ne gyaran gangar Auzinawa. Soson ƙarfe yana yage fatar, ya bar burbushin baƙin ƙarfe da zai yi tsatsa a wurin. Toka da yashi sun haɗa kaifin kanwa da ƙarce. Man birki yana sa ƙyalli na awa ɗaya, ya ci fentin da ya ɗiga a kai. Baƙin mai da gas suna kama ƙura, fetur kuma yana busar da robar gilashi, ga haɗarin gobara.

Hannun da ke cikin ruwan

Duk wannan magana a kan ƙarfe ce, alhali akwai abin da ya fi ƙarfe daraja a wurin. Yaran da ke wankin mota, da yawansu ɗalibai ne ko almajirai masu neman na kansu, hannunsu tsirara yake wuni a cikin ruwan da ke narkar da alminiyam. Soda idan ta fantsama a ido tana iya makantarwa. Abin yi nan take shi ne a yi ta zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. Haɗa bilic da ruwan wanke masai ko ruwan batir yana tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Wasu magungunan wanke rim suna ɗauke da wani asid da ba ya zafi da farko, amma yana ratsa fata ya yi illa a ciki. Ajiye irin waɗannan a gorar lemo inda ƙananan yara ke wasa ganganci ne. Kuma wanki a bakin madatsar ruwa ko kududdufi yana mayar da duk wannan cikin ruwan da dabbobi ke sha. Safar hannu ta roba ba ta kai kuɗin wanki biyu ba, kuma haƙƙin mai wurin ne ya saya.

Abin da ya rage gare mu

Ƙa'idojin kariya ba su da yawa. A yi wanki a inuwa, da safe ko da yamma, bayan ƙarfe ya huce. A fara watsa ruwa zalla ya sauke ƙura kafin soso ya taɓa. A yi amfani da sabulun da aka yi don mota, wanda kaifinsa ke kusa da 7. Murfi ɗaya ko biyu yakan isa bokiti. A wanke ɓangare ɗaya a ɗauraye kafin a wuce gaba, kada kumfa ta bushe. A raba soson taya da na jiki. A tsane da tsumma mai laushi, a shafa kaki a kan ƙarfen ado lokaci-lokaci, musamman gab da hunturu.

Wanda ke shakkar sabulun da aka kawo masa yana da ma'auni a gida. Zoɓon da manoman Jigawa ke nomawa yana canza launi da kaifin kanwa. A jiƙa shi a tsinka da ruwa har ya yi ja mai haske, a ɗiga sabulun. Idan ya juya kore nan take, ko ya koma ruwan ɗorawa, a nisanta shi daga alminiyam. Gwaji ne na kusa-kusa. Takardar gwajin pH da ake samu wurin masu sayar da kayan kimiyya ta fi shi daidaito, kuma ya kamata duk mai haɗa sabulun ruwa don sayarwa ya mallake ta.

Yankin nan ba ya rasa masu ilimin. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, Babura kuma ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Abin da aka bayyana a nan darasin aji ɗaya ne ga ɗalibansu. Yini guda na bita da za su shirya wa masu wankin mota, da masu haɗa sabulu, da shugabannin tasha, da takardar gwaji a hannun kowa, zai ceci dukiya mai yawa da hannaye masu yawa. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaɓa su ne suka fi kowa asara, don haka su ya kamata su fara nema.

Kafin hakan ta samu, mai mota yana da abin yi tun daga wanki mai zuwa. Ya sayi sabulunsa ya ajiye a but, ya nemi inuwa, ya tambayi abin da aka zuba a bokiti, ya biya kuɗin ƙarin jarka ɗaya ta ɗauraya ba tare da ciniki ba. Yaron da aka ba ruwa isasshe da sabulu mai kyau ba shi da dalilin neman soda, kuma kuɗin da za a ƙara masa a shekara bai kai na canza ƙarfen ƙofa ɗaya ba.